Kada ka sayi jihaz, na'urar neman gwal, saboda kukan da yayi a iska

Shekaranjiya da daddare ɗan yayata ya kirani daga Gadarif ta Sudan, ko gaisuwa bamu gama ba yace Kawu kuɗin sun haɗu, kuma an nuna min wani jihaz wallahi baka ga irinsa ba, mai shagon ya cire zoben gwal ya wuce dashi ta gaban farantin da ake shara ƙasa dashi nesa kusan taƙi biyu amma saida yayi kuka, in biya? Nace ɗana kada ka bada ko girshi ɗaya tukuna. Nace a ina aka gwada maka, yace cikin shago, jihaz ɗin na kwance kan tebur. Nace toh kai kan tebur zaka nemi gwal ɗin ko cikin ƙasa? Yayi shiru. Kuɗin nan na san daga inda suka fito, riɗin damina biyu ne da 'yan tumakin mahaifiyarsa, shiyasa bayan mun ajiye waya na kasa barci nace bari in zauna in rubuta abinda na sani, don ba shi kaɗai bane, 'yan uwa daga Agadas da Zamfara ma sukan tambayeni irin wannan tambayar, tun lokacin da gwal ya fashe a Jado ta arewacin Nijar a 2014 ake tambaya har yau.

Zoben nan ma da kansa yaudara ce ko mai shagon bai nufa ba. Zobe kewayayye ne, wutar da jihaz yake tayarwa a cikin ƙarfe tana samun hanya ta zagaya shi gaba ɗaya, sai amsarsa ta fito da ƙarfi. Ɗan gwal ɗin da zaka samu a daji ba haka yake ba, gutsure ne mai ƙuraje da ramuka, wani ma rabinsa dutse ne, ko nauyinsu ɗaya da zoben amsar da zai bayar bata kai rabi ba. Sannan iska bata da tama bata da gishiri. Duk wani jihaz jarumi ne a iska.

Ni ɗan Mai Wurno ne, can bakin kogi kusa da Sinnar inda kakanninmu suka sauka bayan yaƙin da aka yi da Turawa a Burmi a 1903, noma muka tashi muka tarar. A 2012 na fara hawa arewa, shekara ɗaya bayan Sudan ta Kudu ta ɓalle ta tafi da mafi yawan man fetur, rayuwa tayi tsada, ko ina ka juya zancen dahab akeyi, wato gwal. Ƙanin mahaifiyata, wanda nima Kawu nake ce masa, ya rigani da shekara biyu, shi ya ɗaukeni. Madani, Khartum, Shandi, Atbara, Barbar, mu kwana a kasuwar Abidiya inda injinan niƙan dutse basa shiru dare da rana, daga nan boksi, motar a-kori-kura, ya kwashemu da jarkokin ruwa muka nufi dajin Abu Hamad har ta wajen Gabgaba. Mu biyar muka haɗa kuɗi a jihaz ɗaya. A lokacin kusan duk dahhaba, wato mai neman gwal, da ka gani da babban jihaz GPX 4500 ne a hannunsa, na kamfanin Minelab na Ostiraliya wanda ya fito a 2008, sai 5000 da ya biyo baya a 2010. Har ya zama in mutum yace jihaz shi yake nufi.

Ƙasar can in baka taɓa gani ba zaka ɗauka duk ɗaya ce, rairayi da dutse da rana. Ba ɗaya bace ko kaɗan. Tsofaffin duwatsun nan da suka miƙa daga kogin Nilu har tsaunukan Bahar Maliya, su ne kuma suka tsallaka teku suka ɓulla a yammacin Saudiyya, jijiyoyin farin dutse ne suka ratsa su, wanda Larabawa ke cewa maru, gwal ɗin a cikinsu yake. Tun zamanin Fir'auna ake haƙa a Wadi Allaƙi da Gabgaba, har yanzu zaka ci karo da tsofaffin duwatsun niƙa nasu a yashe. Matsalar kuwa itace dutsen da ya riƙe gwal ɗin yana yawan zama tare da baƙin dutse da koren dutse masu ɗauke da ƙarfe, shekaru aru-aru suna ruɓewa suna zuba cikin ƙasa. Wannan ƙasar muke cewa ƙasa mai zafi, ba zafin rana ba, zafin tama.

Ranar farko da muka sauka Kawu bai barni na taɓa jihaz ba. Wani maganaɗisu ya bani da ya ciro daga tsohuwar sifika, ya ɗaure shi a leda yace ɗana bi ƙasar nan ka ja shi. A farin yashin kwari na ja taku goma na ɗaga, ɗan baƙin gari kaɗan ya manne kaman an barbaɗa kwalli. Muka hau gangaren tsaunin inda ƙasar tayi ja, ban ja taku uku ba ledar ta fito da gashi baƙi ƙirin a tsaitsaye kaman bayan bushiya. Yace kaga wannan, shi jihaz yake fara ji kafin yaji gwal, kuma muryarsa tafi ta gwal ƙarfi nesa ba kusa ba, duk aikin mai jihaz shine ya rufe bakin wannan ba tare da ya rufe bakin gwal ba. Na daɗe ina karance-karance daga baya ban samu bayanin da yafi wannan ba. Baƙin garin nan masu ilimin dutse magnatayit suke ce masa, akwai kuma ɗan uwansa mai ja-ja da ake kira magemayit, wanda shi yafi wahalar da babban jihaz, zan zo kansa.

Jihaz ɗin neman gwal da muke gani kala biyu ne a asali, in ka gane wannan rabin ruɗanin ya tafi. Na farko VLF, su ne ƙananan marasa nauyi masu sauƙin kuɗi, irin su Gold Monster 1000 mai aiki a kilohaz 45 ko Gold Bug 2 na Fisher mai kilohaz 71. Shi wannan yana tura igiyar maganaɗisu cikin ƙasa babu tsayawa, yana sauraren amsa a lokaci guda, kaman mutumin da yake magana kuma yana so yaji raɗa. Yawan kilohaz ɗin, wato saurin kaɗawar igiyar, shi ke sa yaji gwal ɗan mitsitsi, amma shi ɗin dai ke sa yaji kowace ƙwayar tama. Akwai daidaita ƙasa, balans, ka ɗaga farantin ka sauke ka ɗaga ka sauke har jihaz ya koyi muryar ƙasar wurin ya cire ta daga lissafi, toh amma in ƙasar na canzawa duk taku biyu, nan ja can baƙi can fari, balans ɗin da kayi ɗazu ya tashi aiki.

Na biyu PI, su GPX ɗin nan kenan. Shi harbi yake, ya tura wuta mai ƙarfi cikin farantin ya yanke ta farat ɗaya, ya ɗan jira wani lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba nesa, sannan ya saurara. Kaman ka buga ganga ka ɗauke hannu kaji amon da ya rage. Yawancin amsar baƙin yashi tana mutuwa nan take da aka yanke wutar, amma wutar da ta tashi cikin gwal tana ɗan jimawa kafin ta mutu, ita yake kamawa. Shiyasa yake iya shiru inda ƙaramin yake ihu. Illarsa kuwa itace gwal ɗin da yayi ƙanƙanta sosai shima amonsa da wuri yake mutuwa, kafin a buɗe kunne ya riga ya ɗauke. Kuma jan taman nan da na ambata shi baya sakin maganaɗisun nan take, a hankali yake saki, don haka babban ma sai an masa balans.

Duk wannan magana ce, gani ya kori ji. A shekara ta uku da nake can wani abokin aikinmu mutumin Damazin ya sayo ƙaramin jihaz na VLF, gardama ta kaure a rakuba, rumfar da muke kwana, da daddare kan shayi, shi yana cewa nasa yafi namu ji, mu muna cewa namu yafi zurfi, har aka fara ɗaga murya. Kawu yace ku bari gobe da asuba ƙasa zata raba ku. Ya kwance ƙullin da yake ajiye gwal ɗin gwaji, guda uku ne bai taɓa sayar dasu ba ko a lokacin da muka rasa kuɗin ruwa, ɗaya kaman ƙwayar riɗi, ɗaya kaman ƙwayar dawa, ɗaya kaman wake, na ƙarshen ya kai giram biyar. Kowanne a liƙe jikin wani ɗan murfin roba mai launi don kada ya ɓace.

Yadda yake binnewa ma darasi ne. Baya haƙa rami ya jefa ya rufe, yace in ka birkita ƙasa ka canza ta, taman da ya jeru shekara dubu ka watsa shi, amsar da zaka samu ba ta gaskiya bace. Sai ya haƙa ɗan rami a gefe, ya huda bangon ramin a kwance da sanda, ya tura gwal ɗin ciki a cikin bututun roba, ƙasar dake samansa ba wanda ya taɓa ta. In yana son ƙarin zurfi ya huda ƙasa da nan. Sannan mai riƙe da jihaz ya juya baya lokacin da ake turawa, wani lokacin ma bututun wofi ake turawa, don in ka san inda abu yake kunnenka zai ji shi ko babu.

Muka fara da farin yashin kwari, inda maganaɗisu bai kama komai ba. Gaskiya a nan ƙaramin ya burge ni. Riɗin nan a zurfin yatsu uku ya kama shi tsaf, ƙara siririya mai kaifi, namu babban kuwa da farantin da ake cewa mono mai inci 11 sai da aka kusan goga farantin a kansa sannan ya ɗan motsa, a yatsu uku kam ko gezau. Ƙwayar dawa duk biyun suka ji ta a wajen rabin taƙi, babu wani bambanci mai yawa. A wake ne babban ya wuce, ƙaramin ya tsaya a taƙi ɗaya, namu yana jinsa har taƙi da rabi, ba kuka ba, ɗan lanƙwasa ne kawai a cikin gunjin da jihaz ke yi a kunne babu tsayawa, amma yana maimaituwa ta kowace fuska ka bi. Mutumin Damazin yaji daɗi kuma yana da hujja, a irin wannan ƙasar gwal ƙanana sunfi manya yawa nesa, mai ƙaramin jihaz zai iya tara abin cefanensa kullum.

Da rana ta fara ɗagawa muka hau jan gangaren. Nan labari ya canza. Tun kafin a binne komai ƙaramin ya fara surutu, duk shara sai yayi ƙara, ga tsakuwa baƙaƙe warwatse ko ina kowacce da muryarta. Mai shi ya iya aikinsa, yayi balans yafi sau biyar, daga ƙarshe dole ya rage ƙarfin ji har ya sauko kusan rabi kafin a samu a saurari wani abu. Kuma abinda mutane basa lissafawa kenan, lambar ƙarfin ji da jihaz ya kai a shago ba ita zaka yi aiki da ita ba, ƙasa ce zata faɗa maka inda zaka tsaya. Da aka rage shi riɗin sai a saman ƙasa kawai yake jinsa, dawa ta ɓace a yatsu uku, wake da ɗazu yake kamawa a taƙi guda yanzu a rabin taƙi ma sai an faɗa masa wurin. Ba wai babu amsa bane, amsar tana nan amma ta nutse cikin hayaniya, a aiki na gaske ba wanda zai tsaya ya haƙa ta don da ya haƙa irinta ɗari a banza tun safe.

Namu babban ma da farko bai yi shiru ba. A saitin da aka rubuta Normal yana ta nishi, wuuu wuuu mai faɗi duk inda jan ya tsananta. Kawu ya mayar dashi Enhance, ya sake balans yana ɗaga farantin a hankali a hankali har gunjin ya miƙe sumul, shikenan sai kace an zuba ruwa a wuta. Tsakuwar nan da ta hana ƙaramin sakat yawancinsu ya wuce ta kansu bai ce uffan ba. Wake ya ji shi a sama da taƙi guda, ya ɗan rage akan na kwari amma ba sosai ba, dawa a yatsu huɗu, riɗi kam babu labari. A 5000 sun ƙara wani saiti Fine Gold wanda aikinsa kenan a irin wannan ƙasar, ya riƙe shirun kuma ya ɗan ƙara jin ƙanana. Amma kada wani ya ɗauka saitin nan kyauta ne, in ka kai su ƙasa mai sanyi ka bar zurfi a baya, can Normal yafi su nisa akan babban gwal. Na sha ganin mutum ya saita jihaz sau ɗaya ranar da ya saya, wani ya saita masa ma, shekara guda bai sake taɓawa ba, daga kwari zuwa tsauni duk saiti ɗaya, abin yana min ciwo don na san me yake takawa yana wucewa.

Sai muka canza faranti, abinda Larabawa ke cewa ɗabag. Mono waya ɗaya ce ta zagaye, jinsa na sauka kaman mazurari, faɗi a sama tsini a ƙasa, yafi zurfi amma yafi jin ƙasa, kuma dole ka riƙa ɗora shara kan shara don can ƙasa tsinin siriri ne. DD waya biyu ce da suka haɗu a tsakiya, jinsa kaman bakin wuƙa daga gaba zuwa baya. Da muka sa DD a jan gangaren sai ya zamana ko a Normal ana iya aiki, nishin ya ragu sosai, kuma da shi ne kawai ake iya sa jihaz ya nuna baƙin ƙarfen da ke kusa da sama. Ni dai a raina in ƙasar ta yarda mono nake so, in ta ƙi in koma DD ba gardama.

Duwatsun ƙaryar nan kuma kala biyu ne in ka saurara da kyau. Akwai wanda in faranti ya zo kansa sai gunjin ya ɗauke sannan ya dawo da ƙara bayan ka wuce, kaman roba ta tsinke, wannan da wuya ya ruɗe ka bayan sati ɗaya. Akwai kuma mai ja-ja ɗin da yake kuka sak irin na ƙarfe, shi ne mugun. Maganinsa ka ture shi da ƙafa ka sake shara, ko ka ɗaga farantin yatsu biyu, muryar dutse na saurin mutuwa fiye da ta ƙarfe. In ba dutse bane ƙasar ce da kanta, ka kankare saman da diga yatsu uku ka sake ji, gwal ƙara matsowa yake muryarsa ta ƙaru ta tattaru wuri ɗaya, ƙasa kuwa sai ta baje ko ta ɓace ko ta koma gefe. Wani abin da ya daɗe yana cin ƙarfina shine tsohon murhu, inda wasu suka taɓa dafa shayi shekarun baya iska ta rufe, wuta tana gasa jar ƙasa ta mayar da ita mai kama maganaɗisu, sai kaji amsa mai daɗi ka haƙa ka tarar da gawayi da ƙonanniyar ƙasa.

Wuri na uku bamu gwada shi ranar ba, Allah ne ya kawo gwajin da kansa bayan wata biyu. Wani fili ne a ƙarshen kwari inda ruwa ke kwanciya in an samu ruwan sama, wanda a can sai a shekara ba'a gani ba, samansa fari-fari kaman an watsa kanwa. Aka yi ruwa dare ɗaya, da safe muka shiga, wallahi duk biyun suka rikice. Gishiri ba tama bane, shi baya kama maganaɗisu, amma in ya jiƙe wuta na bi ta cikinsa, sai gaba ɗaya filin ya zama kaman ƙaton ƙarfe mara ƙarfi shimfiɗe ƙarƙashinka, kuma amsarsa tana kama da ta ƙaramin gwal, in ka kashe ta ka kashe ƙananan gwal tare da ita. Wani da yake da faranti mai inci 18 shi yafi kowa shan wahala, ko ɗagawa yayi ya sauke sai jihaz yayi nishi, don girman faranti girman gishirin da yake kwasa. Ƙaramin faranti da DD da saitin gishiri sun ɗan taimaka, amma abinda yayi aiki da gaske haƙuri ne, muka bar wurin kwana goma ya bushe ƙarau muka dawo aka yi aiki lafiya. Na gaya wa ɗan yayata wannan musamman saboda baƙar lakar Gadarif da ya saba da ita, ita ma in ta sha ruwa takan sa jihaz surutu, kada ya gwada da damina a bayan gida ya yanke hukunci.

Akwai wuri ɗaya da har gobe nake cewa ƙaramin ba shi da na biyu, bakin rami. Masu haƙa rijiya suna bin jijiyar maru, suna fito da dutse suna tarawa, gwal ɗin ciki ba dunƙule bane, zare-zare ne da gari-gari a warwatse cikin dutsen. Babban sai ya wuce kan dutsen da ke da gwal mai kyau baice komai ba saboda ba'a haɗe yake ba, ƙaramin kuwa yana taɓawa zai yi kuka. Masu wayo da shi suke tace dutse kafin su biya kuɗin buhu da mota da niƙa a kasuwa. Tunda na ambaci niƙa bari in faɗa, don Allah duk wanda zai je wajen wanki ya nisanci hayaƙin zaiba lokacin da ake ƙona ta, na ga samari masu ƙarfi hannunsu ya fara rawa, ba abin wasa bane.

Sababbin da suka fito daga baya sun rage tazarar da ke tsakanin kala biyun nan. SDC 2300 na 2014 PI ne amma mai saurin buɗe kunne da ɗan faranti inci 8, an yi shi don ƙananan gwal a ƙasa mai zafi. GPZ 7000 ya fito a 2015 da wata fasaha daban, yana zurfi sosai akan manya, nauyinsa ya haura kilo uku, sai da ɗamara da igiya ake wuni dashi. GPX 6000 na 2021 kilo biyu ne da ɗan kai, maɓallansa kaɗan, yawancin saitin shi yake yiwa kansa, Garrett na Amurka suma sun fito da Axiom a 2022. Duk na yarda an ci gaba. Amma babu ɗaya a cikinsu da ya soke maganar maganaɗisun Kawu, kowanne sai ka kai shi ƙasarka kaji me zai ce, kuma tun da yaƙin nan ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 dole ka tambayi kanka in waya ta tsinke ko batir ya mutu a ina zaka samu wani, tsohon da kowane mai gyara a Atbara ya san cikinsa wani lokacin yafi maka sabon da ba mai iya buɗe shi.

Abinda yafi tsorata ni game da yaron nan jabu ne. Akwai wani bawan Allah da muka yi maƙwabtaka a daji, ya sayar da gonar gado ya sayo babban jihaz a wajen wani ɗan kasuwa, kwali da launi da rubutu duk sak na asali, kuɗin ya ɗan yi ƙasa da na kasuwa shi yaja shi. A iska yana kuka da zobe kaman gaske. Da ya shigo jar ƙasa sai ihu babu tsayawa, ka murɗa maɓallin saiti duk inda kake so muryar bata canzawa, ashe maɓallan ado ne. Wani mai gyara ya buɗe akwatin a gabanmu, ɗan allo ne ƙarami na jihaz mai arha a ciki, sauran duk fili. Mutumin nan ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, bai yi kuka ba bai yi magana ba har magariba, Kawu ne ya ɗauke shi aikin haƙa a cikinmu don ya samu kuɗin komawa gida. Araha bata ado. Kamfanin asalin yana da hanyar tantance lambar jihaz, a bi ta kafin a biya, a kuma saya wajen dillalin da aka sani. Su kuma masu sandunan nan da ake cewa suna nuna gwal daga nisan kilomita, ka riƙe su suna juyawa da kansu, ban taɓa ganin wanda ya ciro ko ƙwayar riɗi dasu ba, kuma in ka binne gwal mai su bai ga wurin ba basa samunsa, ku gwada ku gani.

Sauran kuma hannu ne da kunne. Farantin ya riƙa shafar ƙasa, kada ya tashi a ƙarshen shara, tafiya a hankali kaman mai neman allura, takalmi babu ƙarfe, waya a kashe ko a barta a rakuba, in wani mai babban jihaz na kusa ku ba juna tazara ku sake tunin, wato ku canza wa jihaz tasha, don suna shiga muryar juna. Mu da zafi yayi yawa da daddare muke aiki da fitilar goshi, iska ta kwanta kunne yafi ji. Kuma duk wurin da dahhaba suka taɓa zama cike yake da gwangwanin kifi da ɓarɓashin haƙorin loda, motar kwasar ƙasa, babban jihaz duk zai kira ka kansu, haƙa zaka yi ba yadda ka iya.

Jiya da safe na sake kiran yaron. Nace ɗana ka fara yanke shawarar inda zaka, in bakin rijiyoyi zaka zauna kana tace dutse ko farin kwari, ƙaramin ya isheka ka riƙe sauran kuɗin na ruwa da abinci da mota, in kuma jan tsauni kake nufi inda aka riga aka tsince na sama, kuɗinka basu kai na babban na asali ba, ka nemi mutum biyu amintattu ku haɗa kaman yadda muka yi. Yace Kawu toh mai shagon fa, yace in ban biya yau ba wani zai ɗauka. Nace ya ɗauka. Ka ce masa in ya yarda da kayansa ya bari a fita dashi bayan gari inda ƙasa tayi ja a binne abu a gwada, in yaƙi ka gaishe shi ka fito. Yanzu dai mun tsaya akan zai taso ranar Alhamis in hanya tayi kyau ya sameni a Atbara, na ce ya cire maganaɗisun tsohuwar rediyon gidansu ya taho dashi, ƙullin gwal ukun nan na Kawu yana wajena tun rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, dasu zamu gwada.